Teku a Hannun Hagu

A duk tsibirin St. Kitts ba a yi masanin teku kamar mijin yayata Cuthbert Liburd ba. Shekara talatin yana buga hatimi a ofishin tashar jiragen ruwa, bai taɓa shiga ko kwalekwale ba. Saboda wannan jarumtaka muke ce masa Kyaftin, shi kuma yana amsawa.

Ranar Lahadi ta biyu a watan Agustan 1974 za a yi wa jikansa na fari baftisma, ƙarfe goma daidai, a wata ƙaramar majami'a da ke kan tudu. An yi alkawari Kyaftin ne zai tsaya wa jaririn a matsayin uban baftisma, a kuma sa masa sunansa. Jawabin godiya shafi tara ya rubuta.

Muka bar garinmu Basseterre a motarsa ƙarfe takwas da kwata. Yayata Ionie, matarsa, tana gaba. Ni ina baya, kek ɗin biki a cinyata. Hanyar a wancan zamani sai wanda ya gani: rake ta dama har gindin dutse, teku ta hagu shuɗi shar.

"Cuthbert, ka dai san kwanar majami'ar ko?" in ji Ionie.

"Mace, matuƙi ba ya tambaya. Ka ajiye teku a hagunka, ba za ka ɓata ba har abada. Wannan ilimi ne, ba hirar kasuwa ba."

Ya tsaya sau uku don ya yi mana bayanin iska. Masunta suna gyaran raga, ya sanar da su cewa yau ba ranar kifi ba ce. Kwandunansu cike suke.

Bayan garin Sandy Point, wani tsoho bisa jaki ya yi ta ɗaga mana hula yana ihu.

"Tsaya mana, magana yake yi!" in ji Ionie.

"Gaisuwa ce. Talakawa sun san manya." Ya ɗaga masa yatsu biyu, ya ƙara wuta.

Teku bai bar hagunmu ba, wannan kam na shaida. Ƙarfe sha biyu saura biyar Kyaftin ya rage gudu.

"Ku duba ƙauyen nan. Wani ya kwaikwayi fentin gidana."

Maƙwabciyarmu Miss Verna ta leƙo ta taga. "Af, Kyaftin, har an watse? Ina nawa kek ɗin?"

Mun kewaye tsibirin kaf.

Tsohon nan mai jaki, ashe aiko shi aka yi ya nuna mana kwana. Da muka wuce ya koma majami'a. Da Fada, limamin majami'ar, ya gaji da jira, ya waiga, shi kaɗai ya gani da kwat a jiki, sai ya sa shi ya tsaya wa jaririn.

Yaron ya girma, yanzu shi ke tuƙa jirgin fito zuwa tsibirin Nevis. Sunansa Ezekiel, sunan tsoho mai jaki.