Gaisuwar Gyare da Ƙwan Zabuwa

A wani daji da wuta ke yawan ci da rani, majalisar dabbobi ta jera gyare goma sha biyu, daga bakin daji har gindin tsamiyar da take zama. Wanda ya hango hayaƙi ya gaya wa na kusa da shi, har labari ya iso a tura giwaye da ruwa. Sai dai muryar gyare ɗigon raɓar da ya sha da safe ce. In ta ƙare, sai gobe.

Zabuwa, wadda ta saka ƙwai a ciyawar bakin daji, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, a gwada tukuna.

Aka gwada, aka ce gyaren farko ya aika labarin wuta. Gyaren farko ya juya ga maƙwabcinsa: "Salamu alaikum. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya yara? Ya ƙafar nan taka?" Maƙwabcin ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da nasa. Haka kowa ya yi, don duk 'ya'yan mutunci ne. Da la'asar, gyaren ƙarshe ya rarrafo gaban majalisa, murya ta dushe, ya ce, "Suna gaishe ku."

Gwaggon Biri, shugaban majalisa, ya ji daɗi ƙwarai. "Madalla! Yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa. Gwaji ya yi kyau."

Zabuwa ta matso gaba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa ta iso, wutar ce ta maƙale a hanya, kuma ƙwaina na can. Ga shawara: su gaisa sau ɗaya da safe, lokacin raɓa. Daga nan rabi su yi barci, rabi su yi gadi, su riƙa canji. In an ji shiru, lafiya ke nan, shiru ma magana ce. In an ga hayaƙi, kalma ɗaya tak."

"Ba sallama?" in ji Gwaggon Biri.

"Ba sallama."

Ya yarda ne kawai don yunwa ta kama shi.

Ba a jima ba wuta ta tashi. "Wuta!" in ji gyaren farko. "Wuta!" in ji na biyu, yana jin kunya kamar ya nutse. Kafin hayaƙi ya kai tsayin giginya, giwaye sun iso. Ciyawa ta ƙone har dab da sheƙa, ƙwai ko ɗaya bai fashe ba. Zabuwa ta yi ta guɗa har ita ma muryarta ta dushe.

Washegari majalisa ta zauna kan babban abin da ya faru, wato gyaren da ya ce wa shugaba "wuta" tsirara, ko ranka ya daɗe babu. Bayan doguwar muhawara aka wanke gyare, aka gano mai laifin: wutar ce ta shigo daji ba sallama. Aka tura Hawainiya ta ja mata kunne.

Hawainiya dai ta ce sai ta gama sallama da 'yan majalisa za ta kama hanya.