Ranar da na wanke ramin Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ilimina ya kashe shanun mutane ba. Ni ne wawan labarin, kada ku sha wahalar neman wani.

Aji huɗu na yi a lakwal, kuma abu guda mushe, wato malaminmu, ya dasa mani a kai da bulala: mikrob, ƙwayar cutar da ido ba ya gani, maƙiyi ne. Da wannan ilimin na yi shekara talatin ina shara a wani ɗakin shan magani a Malanville (unguwa na kirana likita, ni kuwa ban taɓa hana su ba).

Wata shekara samarin da sun ka komo daga haƙar zinariya sun ka riƙa wanke ƙasarsu da magani mai dafi kusa da tafkin da shanun ƙauyen Toumboutou ke sha. Kifi ya taso ciki sama, makiyaya sun ka janye dabbobinsu. Sai Rakiya, ɗiyar ƙanwata da ta yi karatun ruwa a Parakou, ta sa an ka gina rami a mashigar tafkin, ta cika shi da kashin shanu da ƙaiƙayin shinkafa. Ta ce mikrob ɗin ciki za su cinye dafin kamin ruwa ya wuce. Na gyaɗa kai, a raina na ce in akwai mikrob na kirki, to akwai kura mai limanci.

Wata uku tana lallashin ramin nan. Ran kasuwa ta tahi gari za ta yi mako, ta bar ni gadi. Na leƙa: baƙi ƙirin, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na hau kabu-kabu na sayo jarka biyu na zabel, ruwan wanke asibiti, na juye duka. Wari ya ɗauke. Sai na aika wa Buba, makiyayin da ya fi kowa yarda da ni, cewa likita ya gyara ruwa, ya sako shanu.

Ashe zabel ya kashe mikrob ɗin kaf, dafi kuwa ya ci gaba da wucewa, ba mai tare shi. Cikin mako shanu uku sun ka faɗi, har da saniyar da iyalinsa ke shan nononta. Buba bai zage ni ba. Gaisuwa kawai ya rage.

Na iske Rakiya tsugune a bakin ramin, tana juya mataccen taɓo da sanda. Na gyara murya, na ce ai tsabta na yi, haka an ka koya mana a lakwal.

Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Kawu, su ba su je lakwal ba, amma sun san aikinsu."