Arzikin Tungar Maje

Malam Zubairu jami'in ƙididdiga ne a ma'aikatar ciniki ta wata jiha, irin mutanen nan da suka yarda da takarda fiye da idonsu. Shekara tara yana mataki ɗaya, ƙarin girma ya ƙi zuwa, abin na cinsa a rai. Rannan yana duba jerin sababbin kamfanonin da aka yi wa rajista, sai ya ga Tungar Maje, garin da ko gidan mai babu, ta fito da kamfani ashirin da bakwai cikin wata uku. Ai kuwa bawan Allah bai yi wata-wata ba, ya rangaɗa rahoto cewa arziki ya sauka a yankin. Kwamishina ya karanta ya ji daɗi, ya ce ran Alhamis zai je da 'yan jarida ya gani, daga can kuma maganar ƙarin girman Zubairu an gama. Sai ran Talata hankali ya zo wa mutumin naka, ya ce bari dai ya leƙa ya shirya wurin tarbar baƙi. Duk kamfanonin adireshinsu ɗaya ne, Layin Injin Niƙa, shi kuwa a ransa ya ɗauka wata babbar unguwar masana'antu ce.

Da ya isa, babu hayaƙi babu bene. Rumfar kwano ce da akuya biyu, sai wani dattijo, Alhaji Na'iya, zaune a benci yana cin goro.

Bayan gaisuwa Zubairu ya ce, "Alhaji, kamfanonin nan ashirin da bakwai nake nema. Ta ina ake shiga?"

Alhaji ya ce, "Ai ka iso, ranka ya daɗe." Ya ɗan ɗaga, ya zaro wata tsohuwar jakar fata da yake zaune a kai, ya kakkaɓe ta. "Ga su nan cif, ko ɗaya bai ɓata ba."

Zubairu ya karɓa. Ya buɗe jakar, takardun shaida ne fal, kowacce da jan hatiminta. Ya ce, "Duk naka ne?"

"Na iyali ne. An ce ƙaramar hukuma za ta ba da kwangilar kwalbati, kuma dole kamfani uku su yi takara a kan kowace ɗaya. Kwalbati tara ne. Na ce da in yi takara da bare, gara in yi da kaina, ai gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Wannan na gyatumata ne, shekararta tamanin da bakwai. Wannan kuwa daraktansa bai iya fitowa gaishe ka ba, yana goye."

Zubairu ya rufe jakar. Ƙarin girman da ya riga ya yi wa mai ɗakinsa albishir da shi ya ga yana tashi sama. Ya fusata ya ce, "Haba Alhaji! Ka kashe ni! Jibi Kwamishina zai zo ganin arziki, me zan nuna masa? Kamfani ashirin da bakwai, ko allura ba ku ƙerawa, sai takarda!"

Alhaji Na'iya ya gutsuri goro, ya miƙa masa saura, ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Ni na cike takarda na ce ina da kamfani. Kai ka cike takarda ka ce muna da arziki. Shi ma Kwamishinan in ya zo, takarda zai karanta ya shiga mota. To a cikinmu ukun, wa ya taɓa ƙera allura?"