Yatsa Arba'in da Biyu, Kwalbati Ɗaya

Jama'a, yau da hantsi na tura motar wani babban mutum, rigar da na ajiye don sallar Juma'a ta sha taɓo har wuya. Ku riƙe dariyarku tukuna, ku ji yadda aka yi.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Kebbe, kuma kwalbati ɗaya tak ya haɗa mu, da mu da ƙauyukan bayanmu, da titin da ke kai mutum Tambuwal. Tun bara ya tsage. Maƙwabcina Ɗangiwa ya fi kowa shiga damuwa, don albasar da ya noma da rani tana jibge a rumfa, yana jiran ta yi tsada da damina. In kwalbatin ya rufta mota ba za ta shigo ba, albasa kuwa ba ta san haƙuri ba.

Sai muka ce a kai koke. A wani ofis can Tambuwal da ba zan kama sunansa ba, saboda ina da iyali, koke da Hausa gaisuwa ce kawai. A saurare ka, a ce Allah ya kyauta, a raka ka bakin ƙofa. In kana son a buɗe maka fayil sai da Turanci, bugun na'ura, kuma kowane magidanci ya dangwala yatsa a ƙasa. Mu arba'in da biyu ne. Tara mu lokacin sharar gona, wani yana fadama wani ya bi shanu, aikin mako guda ne cur.

Malam Abdulganiyyu, tsohon malamin firamare, shi ya rubuta mana. Ya rufe takardar da "This road will serve you and me", wato hanyar nan za ta amfane ni da kai. Aka ɗora mini kai ta, wai ni ne mai baki.

Na tarar da shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Jan Biro, yana shan fanka. Ya karanta, ya zagaye kalma ɗaya da ja.

"You and I ake cewa. Wa ya koya muku Turanci?"

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, kwalbatin fa?"

"A gyaro tukuna."

Da na dawo, ran Malam Abdulganiyyu ya ɓaci matuƙa. Ya ce, "Wanga mutum bai san abin da shika faɗi ba. You and I sai in mu munka yi aikin, awa a ce ni da kai mun gina hanya. You and me kuwa in mu anka yi ma aikin. To mu mi munka gina?"

Ɗangiwa ya ce, "Malam, ni duka biyun ba su sayen albasa. Rubuta mishi abin da shika so, ka ga hadari na haɗuwa gabas."

Aka sake bugawa, aka sake bin gida gida da tawada. Na hau kabu-kabu na koma, sai aka ce Sarkin Jan Biro ya tafi taron bita. Mataimakinsa, Wazirin Fayil, ya duba ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce you and me ne daidai, a gyaro. Dangwale na uku ke nan. Yatsan Ɗangiwa ya rine har matarsa Rumasa'u ta tambaye shi ko zaɓe aka sake ba ta ji ba.

Zuwana na uku na same su tare. Wallahi ban taɓa ganin ma'aikata masu kishin aiki irin waɗannan ba. Awa guda suna musu a kan kalma ɗaya, kowa ya zaro waya yana nuna wa ɗan'uwansa hujja, gumi na zuba, ko ruwa ba su nema ba. Ƙarshe suka amince a kafa kwamiti. Ba wanda ya tambaye ni ina kwalbatin yake.

Ranar Laraba aka sheƙa ruwa, kwalbati ya bi rafi. Na ga Ɗangiwa tsaye bakin ramin, kuma gaskiya na ji tausayinsa har cikin raina.

To yau sai ga farar mota za ta ɗaurin aure ƙauyen bayanmu. Direba ya ce bari ya ratsa ta gefe, ta nutse har ƙofa. Gilashi ya sauka, sai ga Sarkin Jan Biro da babbar riga. Turancin nan duk ya gudu.

"Bayin Allah, ku taimaka! Ai ni da ku duk ɗaya muke!"

Ɗangiwa ya matsa, ya rusuna yadda ya kamata. "Ranka shi daɗe, mun ji. A rubuto muna da Turanci, ka dangwala ƙasa."

Mun dai tura, don ba haka aka rene mu ba. Motar ta fita ta juya Tambuwal, zuwa ɗaurin aure ya fasu, bayanta duk shatin hannuwanmu na taɓo. Ɗangiwa ya koma rumfa ya fara ware albasar da ta ruɓe.

Ni dai na yi wa jama'armu murna. Dangwalenmu na huɗu ya isa ofis ba wanda ya ce a gyaro. Sai dai na ji an ce tun kafin la'asar an wanke motar.