Jar Ƙafar Tabawa

A Dajin Marke, tun kaka da kakanni, inuwa biyu ke riƙe da mulki: ta Kuka da ta Tsamiya. Bayan kowace damina uku akan zaɓi Sarkin Tafki, mai faɗin wa zai fara shan ruwa da rani, wa zai jira. Kowace inuwa takan fid da gwaninta tukuna, ita da 'ya'yanta masu rajista kaɗai. Sai an gama a kira 'yan ba-ruwanmu, waɗanda ba su da inuwa, a ce su ɗauki ɗaya cikin biyun. Dattawa kan ce zaɓi ya fi babu, amma dattawan ba su tambayi akuyar da aka nuna wa wuƙa biyu ba.

Tabawa bushiya 'yar ba-ruwanmu ce ta gado. Tana zaune a gindin wani suri da yayarta Kande, wadda idanunta suka mutu, ƙarfinta ya ƙare. Arzikinsu ɗaya ne a duniya, wato mashayar ƙanana, wani ɗan lungu marar zurfi a bakin tafki. Da yake ba a lissafa marasa inuwa cikin layin kowa, can suke sha da sassafe, kafin ɓauna ta dama ruwan, kafin rana ta buɗe ido. Kande ba ta iya jure rana ko kaɗan.

A shekarar da Kura ta fito neman tutar Kuka, tana alkawarin haɗe mashayar ƙanana da ta manya, sai aka kira majalisa. Dila magatakarda ya hau kututture ya gyara murya.

“Ya ku jama'ar daji, manya sun ji kukanku. Daga bana, wanda ba shi da inuwa yana iya zuwa ranar fid da gwani ya shiga wadda ransa ya so, amma ɗaya tak. Ɗan Kuka ba zai je Tsamiya ba, ɗan Tsamiya ba zai je Kuka ba. Ku kaɗai aka yi wa wannan gata. Don kada wani ya sha miya biyu, duk mai shiga Kuka zai taka jar ƙasa, mai shiga Tsamiya ya taka fara. An kwaɓa su da ƙaro, ba sa kankaruwa.”

Tabawa ta miƙe, ko da yake miƙewar bushiya ba ta da bambanci da zamanta. Ta tambaya ko taka ƙasar ya mai da mutum ɗan inuwar ke nan. Dila ya yi murmushi irin na malamin da aka yi wa tambayar da ya shirya.

“Ko kusa, Iya. Kin shiga baƙuwa, kin fita baƙuwa. Ruwan sama na farko zai wanke alamar, ki koma yadda Allah ya yi ki.”

Aka yi ta tafi. Aka sa ranar bayan ɗaukewar damina, yadda aka saba.

A gida Kande ta ƙi. Ta ce uwarsu ta rayu ta mutu ba ta san ƙofar kowa ba, kuma babu wanda ya taɓa hana ta ruwa. Tabawa ta kwana uku tana lallashinta: Gada ma tana takara a Kuka, ta rantse ba za ta taɓa mashayar ƙanana ba; in suka naɗe hannu Kura ta samu tuta, to sai ta Allah.

“Ke Tabawa, tun kina ƙarama kike ɗauka inda ba a kasa da ke ba.”

“Yaya, wannan karon an kasa da mu. A gaban kowa aka faɗa.”

“To, ja ni. In an ci amanarmu dai ke ce mai ido.”

Ranar fid da gwani, kurege da gafiya da kunkuru da sauran marasa inuwa suka yi dafifi a gindin Kuka, domin a Tsamiya Gadu ba shi da abokin karawa. Tabawa da kanta ta kama ƙafar yayarta ta dangwala a jar ƙasa. Aka yi layi bayan 'yan takara, aka ƙirga, Gada ta ɗara Kura da uku. Tabawa ta koma gida tana jin kamar ita ta haƙa tafkin.

Murnar ba ta kai mako ba. Mutanen Kura suka ce baƙi sun zo sun zaɓa musu gwani, to baƙin su ɗora ta. Ranar babban zaɓe suka kwanta a inuwa suna hamma, Gadu na Tsamiya ya zama Sarkin Tafki.

Gadu bai yi wata sabuwar doka ba, tsohuwar ya riƙe: inuwar da ta faɗi ita ke sha a ƙarshe, da tsakar rana. Ya zuba birai a bakin ruwa, su kuwa birai ba su san rajista ba, ƙafa suke dubawa. Da sassafen farko wani gwaggon biri ya tare Tabawa da Kande da sanda. Tabawa ta yi bayani tiryan-tiryan, cewa su ba 'yan kowa ba ne. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, “Iya, bakinki ba-ruwanmu, ƙafarki Kuka. Koma baya.”

Ta nufi gindin Kuka, inda 'yan inuwar ke da ruwan da kogon itacen ya tara tun damina. Aka duba rajista, babu sunanta, aka tuna mata cewa baƙuwa ta shiga, baƙuwa ta fita. Ta je wa Dila. Ya karanta mata dokar sau biyu, ya ce gaskiyarta ce ɗari bisa ɗari, ta jira ruwan farko. A nan ne ta yi lissafin da ya kamata ta yi a majalisa: saura wata shida. Wanke ƙafa a tafkin sha kuwa haramun ne tun zamanin kakan Gadu. Ta goga tata a dutse har jini ya fito, ƙafar ta ƙara ja.

Haka suka riƙa zuwa da azahar, su sha taɓon da ɓauna ta bari. Kande ba ta taɓa cewa “ai na faɗa miki” ba, wannan ne ma ya fi ci wa Tabawa rai. A wata na huɗu Kande ta kwanta a hanyar dawowa, ta ce a bar ta ta huta kaɗan. Ba ta tashi ba.

Ruwan farko ya sauko a kan lokacinsa, ya wanke kowace ƙafa tas. Kwana uku bayan haka majalisa ta zauna jin ƙorafi a kan sabon tsarin, domin manya sun ce ba a zaman shari'a da rani, hankalin kowa na kan ƙishi. Tabawa ta faɗi abin da ya faru, ta roƙi a mai da ranar fid da gwani cikin damina. Dila ya jinjina kai da alhini, ya ce majalisa ba ta aiki da ji-ta-ji-ta.

“Duk wanda aka tauye saboda ƙafarsa, ya ɗaga ta jama'a su gani.”

Kurege ya dubi gafiya, gafiya ta dubi kunkuru. Tabawa ta ɗaga tata. Fes take, kamar ranar da aka haife ta.

Magatakarda ya rubuta cewa ba a sami shaida ba, aka sabunta dokar baki ɗaya, ranar ma aka bar ta inda take.