Ranar da Kawu ya nemi kago a wurin likitocina

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da bakina ya jawo mini a unguwar Al Nahda da ke Dubai, shekarar da aka sassauta kullen korona. Ina aiki a wani kamfanin kwamfuta, muna haya ni da wasu samari 'yan gida, sai wani abu ya fara kama ni: ƙirji ya ɗau bugu, numfashi ya sarƙe, in ji kamar yau zan mutu. Asibitin da kamfaninmu ke hulɗa da shi yana da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke zuwa har gida in an kira su. Na kira, na sake kira, har mai gadin benenmu ya haddace motarsu.

Matsalar, kafin su iso abin ya lafa. Sai in tare su da shayi da dabino. Likitar, wata 'yar Sudan mai haƙuri, ta tambaye ni jiki, in ce lafiya lau alhamdulillah, in raka su har bakin mota. (Mutumin da ya kira yana kuka ke nan fa.) Abokan zamana kuwa na ce musu 'yan kago ne, masu aika kaya Najeriya, wata harka muke ƙullawa. Tsorona ɗaya: kada labari ya kai wa Hajiyata a Kano cewa ɗanta ya taɓu a Dubai.

Ana nan sai Kawu Sani, ƙanin Hajiya, ya zo sayayya kasuwar Deira, ya biyo mu gaisa bayan Juma'a. Na manta shaf ranar ce likitar ta ce za ta dawo duba ni. Muna cin shinkafa aka ƙwanƙwasa, wani abokin zamana ya buɗe ya ce, "Kawu, ka yi sa'a, ga 'yan kagonsa nan."

Kawu ya wanke hannu, ya gyara hula, ya juye Larabcinsa na kasuwa. Wai yana da katan-katan na turare da takalma a unguwar Al Sabkha, ta sama suke aikawa ko ta ruwa? Likitar ta dube ni. Aikinta bai yarda ta tona sirrina ba, ni kuma ina ta ƙifta mata ido kamar barkono ya shiga. Nas ɗin da ke tare da ita ya mayar da abin awon jini bayansa. Kawu bai haƙura ba, har ya ciro waya yana nuna musu hotunan kaya.

A nan abin ya taso mini, a gaban kowa. Jiki na rawa, gumi na zuba. 'Yan kago suka zaunar da ni suna koya mini jan numfashi, Kawu ya saki baki.

Da na dawo hayyacina na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa, na roƙe shi kada Hajiya ta ji. Sai ya ce, "Kai dai sakarai ne. Lokacin da shagona ya ƙone haka na yi ta fama ni kaɗai, ba mai zuwa mini. Kai ga su har ɗaki, kana ba su shayi?"

Ya tasa samarin gaba suka fita, ya bar ni da likitar. Ranar na fara yi mata magana ta gaskiya, daga nan ta haɗa ni da wanda zan riƙa gani a asibiti, kiran gaggawa ya ragu.

Hajiya kuwa da bakina na faɗa mata. Ta ce ta daɗe da ji a muryata, abin da ya yi mata zafi shi ne bare sun riga ta sani. Wannan kunyar ta fi ta gaban Kawu ciwo, wallahi. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara mutum ya zaɓi ranar da kansa, kafin kawunsa ya zo sayayya.