Glikadin Papu Lambros

"A'a, likitar kaji, kin dawo? Ina saƙona?"

"Sannu da hutawa, Papu. Ai na ɗauka zan tarar azumi ya ƙarasa ka."

Asabar ce ta jajiberin Ista, ina tsakar gida ina yanka albasa. Babana Lambros, da jikoki ke kira Papu, na zaune gindin itacen lemo, mako bakwai bai ɗanɗana nama ba, sai masifa yake da kowa. Ya aiki Fotini, 'yar yayata da ke karatun likita, ta karɓo kayan cikin ɗan ragonmu wurin mahauci. A gidanmu glikadi na Baba ne shi kaɗai, ɗan farin naman nan mai laushi da ke ƙirjin ɗan rago, don shi ne kawai dasashinsa ke iya taunawa. To yarinyar nan sai ta shigo da shi daban a cikin kwalba, ta rungume.

"Me nake gani a kwalba?"

"Karatuna ne. Mu taimus muke ce masa. A kansa na faɗi jarrabawa bara, in na sake faɗuwa sai na maimaita shekara. Yanka shi zan yi in gani da idona."

"Ki faɗi mana! Ni na ce ki zama likita? Wa zai ba ki cikinsa, ke da ko ƙwai kika fasa sai kin rufe ido?"

"Kai zan fara yankawa. Sai dai ko na buɗe ƙirjinka ba zan samu ba, naka ya ƙare tun kafin a kawo lantarki ƙauyen nan."

"Ƙarya! Sittin da biyu na ci, kowace Ista ɗaya. Duk suna nan jere a ƙirjina, in na yi tari ina jin suna gaisawa."

"Cikinka suka tafi, tsoho. Na mutum a bayan ƙashin ƙirji yake, saman zuciya, ɓari biyu manne da juna. Yaro ke da babba. Da an balaga sai ya fara tsukewa, a ƙarshe ya koma kitse."

"Kitse? Ni? Dube ni, iska ma sai ta nemi izini kafin ta ɗauke ni. Faɗi gaskiya, kin haɗa baki da mahauci za ku dasa wa saurayinki, wancan mai wuyan zakara."

Na ce su yi wa Allah su bar ni in ji da albasata. Ko kallona ba su yi ba.

"To malama, me yake yi a can, in ba jiran man zaitun da lemon tsami ba?"

"Makaranta ce. Fararen ƙwayoyin jini suna fitowa daga ɓargo, jahilai tuburan kamar kai. Can ake koya masu su gane na gida su gane baƙo, kada su auka wa jikin da ya haife su."

"Ashe ke ba ki shiga ba, ga shi kin auka wa kakanki. Wanda ya faɗi fa? Ya maimaita shekara?"

"Kashe shi ake yi nan take. Cikin ɗari, waɗanda ke fita da rai ba su kai goma ba."

Baba ya buga cinya. "Kai, wannan makaranta ta yi! Ina ake rubuta suna? Gobe in kai ki."

"Kai da aka kora daga aji uku saboda ka shigo da akuya?"

"Ita ta ci jarrabawar, shi ya sa malamin ya ji haushi. Miƙo kwalbar nan in duba ko na ɗan rago ne. Mahaucin nan bara soson wanka ya ba ni."

"In miƙo ka haɗiye ɗanye? Na san ka."

"Zan kai ƙararki wurin fadan coci, ya hana ki rinannen ƙwan Ista."

"Shi ma nasa ya zama kitse, ai ana gani."

Wallahi sai da na ajiye wuƙa don dariya. Amma na lura tsohon yana shafa ƙirjinsa da yatsu.

"Tsaya. Kika ce in ya gama koya wa yaran sai ya tsuke?"

"Eh. Su kuma su bazu cikin jiki, su yi ta tsaro shekara da shekaru."

"Shi ke nan, ya koma kitse a manta da shi."

Fotini ta dube shi. Shi ya riƙe ta tun tana shekara huɗu, da ubanta ya tafi Jamus aiki. Ta ce, "Wa ya manta? Shekara guda ina kuka a kansa."

Abin ya taɓa ni har na yi ƙwalla, na ɗora wa albasa laifi. Ta miƙa masa kwalbar, ta ce ya ci, za ta duba hoto a littafi. Baba ya tura mata abarta, ya zaro wuƙarsa ta aljihu, wadda ko ni bai taɓa bari na taɓa ba.

"Ungo, taki ko cuku ba ta yankawa. A nan gabana za ki yanka, ki nuna mini ɗakin da ake kashe daƙiƙan."

"Kai kuma ka ci me?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, dasashi waje. "Romo, ja'ira. Ai na sha romo, ke ki ci jarrabawa."